Zauren Tambaya: Tufafi da Bindigogin 'Yan Bindigar Sarki Don Wasan Tarihi

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu guda. Makarantu da ƙungiyoyin matasa a ƙauyukan Kano da Jigawa suna son kwaikwayon rundunar 'yan bindigar sarakunan da. Masu ba wannan fili shawara kan tarihi, saƙa, rini da sassaƙa ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare da ke ƙasar Bebeji. Muna so ɗalibai 20 su fito a matsayin 'yan bindigar Sarkin Kano a wasan da za mu yi kan zuwan Turawa. Telanmu ya ce a ɗinka musu riguna ja da kore iri ɗaya, irin na dogarai. Haka suke sawa a da?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A dakatar da telan tukuna. Ja da kore kayan dogarai ne kamar yadda ake ganinsu yau a fada, kuma aikin dogari daban, na ɗan bindiga daban. Kayan bai-ɗaya da 'yan bindiga suke sawa a hawan sallah na yanzu ma kayan ado ne na biki. Mayaƙan sarakunanmu na ƙarni na 19 ba su san inifom irin na soja ba. Kowa da abin da ubangidansa ya ba shi, ko abin da ya samo a ganima.

Ku fara da tsayar da shekara, domin bindiga ta daɗe a Kano kuma kayan kowane zamani da irinsu. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nufe a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Ku naku zamanin na Sarki Alu ne, wanda ya hau a 1894 cikin basasar Kano tsakanin Yusufawa da Tukurawa, ya yi ta gwabzawa da Damagaram, har aka yi masa laƙabi da Mai Sango saboda mashin nan da ake zurawa a bakin bindiga a harba. Rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta baro Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa ranar 1 ga Fabrairu, ta shiga Kano ranar 3 ga wata. Sarki Alu ba ya gari a ranar, ya tafi Sakkwato da manyan mahayansa. Kada ku sa shi a kan ganuwa, dattawan da za su zo kallo sun san haka.

Na biyu, kada duk yara 20 su riƙe bindiga. Dakarun ƙasa na wancan lokaci yawancinsu 'yan baka ne, sai masu mashi da garkuwa. Bindiga tana da tsada, shi ya sa sarki yake damƙa ta ga amintattun bayinsa na fada. In kun ba yara 5 ko 6 bindiga, 10 kwari da baka, sauran mashi da takobi, kun fi kusa da gaskiya, kuɗin sassaƙa ma ya ragu. Maganar bautar nan kuma a yi ta da ladabi. Waɗannan mutane su ne ƙashin bayan fada, wasunsu sun riƙe manyan sarautu irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, kuma jikokinsu suna nan da mutuncinsu.

Sai tufafin. Mai tafiya a ƙasa yana ɗura bindiga ba ya sa babbar riga, hannunta zai shiga masa aiki. Abin da ya dace da shi taguwa ce mai tsayawa a gwiwa ko 'yar shara, wando mai hantsa wanda ya tsuke a ƙwauri, ɗamara a ƙugu, hula haɓar kada ko ƙaramar hula marar aiki, wani kuma malafa a rataye a baya. Ƙafa ko dai fade na fata ko ba takalmi. Shugabansu kaɗai za a naɗa wa rawani, shi ne kuma za a iya sa wa rigar saƙi ya tattare ta da ɗamara. Launi uku sun ishe ku: farin saƙa wanda ya sha jiki, shuɗi mai haske, da baƙin rini. Jar dara tana zuwa kasuwar Kano ta hanyar Tarabulus tun kafin Turawa, don haka mutum ɗaya ko biyu za su iya sa ta. Fiye da haka sai su koma kama da sojan Bature.

Abin da yake sa idon mai kallo ya yarda da tufar shi ne layin ƙwarya. Masaƙan da ƙwarya-ƙwarya suke saƙawa, mai faɗin inci 2 zuwa 4, sannan a harhaɗa da allura. In kuna da hali, masaƙan ƙasar Minjibir suna nan suna aiki. Taguwa mai faɗin inci 30 da tsawon inci 38 tana cin ƙwarya 10 masu faɗin inci 3, kowacce tsawon inci 76, domin a kafaɗa ake ninke ta, gaba da baya su fito daga ƙwarya ɗaya. Wajen yadi 21 ke nan na ƙwarya, a ƙara 4 saboda hannu da ƙari a haƙarƙari. Wannan zai yi wa makaranta tsada, sai dai a yi wa shugaban runduna da mutum biyu na sahun gaba.

Sauran a yi musu da akoko. Ba a saɓa wa tarihi ba, domin Bajamushen matafiyin nan Barth ya tarar da farin yadin Ingila a kasuwar Kano tun 1851. Taguwa tana cin yadi 3, wando yadi 2 da rabi, ɗamara kuma a tsaga yadi 2 da rabi gida uku a tsaye a sami ta mutum uku. Da huluna da komai, yara 20 za su ci wajen yadi 133. Ku sayi 140, saboda akoko yana ja da kusan inci 2 a kowane yadi in ya sha ruwa. A jiƙa shi ya kwana, a wanke sitacin, a shanya, sannan a yanka. Wanda ya yanka kafin wanki zai tarar da taguwar ta ɗage sama da gwiwa, wuyan kuma ya ƙi shiga kai. Don a sami layin ƙwarya ba sai an tsattsaga yadin ba. Tela ya riƙa kama siririn ninki a tsaye duk bayan inci 3, ya bi shi da ɗinki ta ciki. Bakin wuya da bakin hannu, inda ido yake sauka, a yi su da hannu.

Farin akoko sabo fil yana ƙyalli a rana, ba ya kama da kayan wanda ya kwana a sansani. A daka bagaruwa mudu ɗaya, a jiƙa a bokitin ruwa mai lita 20 ta kwana, a tace, a tsoma kayan na awa ɗaya ana juyawa, a ɗauraye. Za su fito ruwan ƙasa-ƙasa. A yi wannan a roba ko tukunyar ƙasa. In aka yi a garwa mai tsatsa, bagaruwa da ƙarfe suna haɗuwa su ba da baƙi, kayan su fito dabbare-dabbare, kuma ba ya fita.

Abubuwan da suke tona asiri ƙanana ne: zif, maɓallin roba, shadda mai ƙyalli, aikin keke a wuya, silifas, agogo, singileti mai rubutu da yake leƙowa ta ƙirji. Wando mazagi ake zura masa a ƙubaka, ba roba ba. Layu da guraye da kambu kuwa dole ne, mayaƙin da ba shi da su bai cika ba. Baduku ya ɗinka su, amma a cusa tsumma ko takarda marar rubutu. Kada a sa aya ko sunan Allah a abin da yara za su faɗi da shi a ƙasa, su shiga bayi da shi. Haka tuta, a bar ta fara.

Tambaya: Ni kafinta ne a Ringim. An ba ni aikin bindigogin katako 15 irin na da, amma ban taɓa riƙe ta gaske ba sai adakar mafarauta. Wane awo zan bi, kuma zan iya sa bututun ƙarfe don ta yi nauyi?

Amsa: Sannu da aiki, Malam. Amsar bututun ƙarfe ita ce a'a, za mu dawo kanta.

Bindigar da aka fi samu a ƙasar Hausa a ƙarni na 19 mai ƙanƙara ce, wato ɗan dutsen da yake karta ƙarfe ya ba da wuta, ana ɗura ta ta baki, cikin bututunta sumul ba zare. Yawancinsu ƙirar Birmingham ta Ingila ne da Liège ta Beljiyam, suna shigowa ta bakin teku su biyo ta Nufe, wasu kuma ta hamada. Iri biyu za ka kwaikwaya. Akwai doguwar ta 'yan kasuwa, mai kaiwa ƙafa 5 ko fiye, siririya, sau da yawa ƙotarta a shafe da jan fenti. Akwai kuma tsohuwar bindigar sojan Ingila da aka sayar bayan an daina yayinta, tsawonta inci 55, bututunta inci 39, ta fi kauri. Ka yi goma dogaye, biyar gajeru. Runduna mai bindigogi iri ɗaya sak ba ta wancan zamani ba ce.

Ga awon doguwar. Tsawo duka inci 60, bututu inci 44. Nemi katako mai kaurin inci 2, faɗin inci 6, tsawon inci 58. Gindin da yake zama a kafaɗa tsayinsa inci 4 da rabi zuwa 5, kaurinsa inci 1 da kwata uku. Daga gindi zuwa kunama inci 13. Wuyan ƙota, inda hannun dama yake kamawa, kada ya gaza inci 1 da rabi, kuma gindin ya sunkuya ƙasa da layin bututu da kamar inci 2 da rabi. Wannan sunkuyawar ce take sa a ga bindiga, in babu ita sanda ka sassaƙa. Katakon yana bin ƙarƙashin bututu har kusan baki, saura inci 2 ko 3, yana sirancewa. Adakar mafarautan yau katakonta a rabi yake tsayawa, a nan kafintoci suka fi yin kuskure. Fara yanka samfuri ɗaya a filawud, ka riƙa ɗora shi kana zanawa.

Wajen zaɓen itace, malaina da darbejiya sun fi sauƙin aiki da kuɗi. Maɗaci ya fi kyau in an samu. Ƙirya ta yi tauri da nauyi, za ta cinye maka kaifin kayan aiki. Ko wanne ne, ya zama busasshe, domin ɗanyen katako mai wannan tsawo da siranta yana lanƙwashewa da zarar hunturu ya busa. Duba jijiyar itacen ta bi tsawon wuyan ƙota. Inda ta gitta, ko aka sami ƙulli a wurin, nan bindigar za ta karye ranar da yaro ya fara faɗuwa da ita.

Bututun ka yi shi da sandar katako da aka gurza ta zama inci 1, ko bututun roba na wayar lantarki mai milimita 25 wanda aka cusa wa sanda tun daga gindi har saura inci 1 a baki, aka liƙe da gam. Wannan inci ɗayan a shafa masa baƙi, daga nesa rami za a gani. Fere kwari a bayan katakon yadda rabin bututun zai nutse, ka kafe shi da kusoshi uku ta ƙasa. Sannan a ɗaure wuri uku ko huɗu da zoben farin ƙarfe ko na tagulla, ko da ɗanyar fata da aka jiƙa. Fata in ta bushe tana matsewa tam, kuma haka masu bindigogin da suke gyara ƙotar da ta tsage. Roba ba ta riƙe fenti sai an goge ta da samfefa. A shafa baƙi marar ƙyalli, in ya bushe a murza garin bakin fensir da tsumma, zai ba da hasken tsohon ƙarfe.

Makunnin yana gefen dama, daidai gindin bututu. Farantinsa inci 6 ne a tsawo, inci 1 da kwata a faɗi. A kansa akwai abu uku: hannu mai lanƙwasa wanda yake cije da ƙanƙara, ƙarfen da yake tsaye a gabansa wanda ƙanƙarar take kartawa, da ɗan kasko a ƙarƙashi inda ake zuba albarushin kunnawa. Yanke su daga filawud mai kauri ko gwangwanin alminiyam, ka kafe su kada su motsa, ka liƙa ɗan tsakuwa mai faɗi a bakin hannun. Sandar ɗuri tana kwance a ƙarƙashin bututu. Ga masu ɗauka kawai, a liƙe ta. Ga biyu ko uku da za su nuna ɗuri, a bar ta tana zaruwa, su riƙa zura ta ta gefen bututu daga ɓangaren da 'yan kallo ba sa gani.

Dalilin hana bututun ƙarfe biyu ne. Bututun ƙarfe mai toshe a gindi, huda ɗaya ta rage ya zama bindiga, kuma a cikin samari 15 ba a rasa mai gwadawa. Sannan ƙera bindiga ba da izini ba laifi ne a dokar makamai ta ƙasa, kuma jami'in da ya tare ka a hanya ba zai tsaya sauraron labarin wasan makaranta ba. Ko na katakon ma a rubuta musu lamba a gindi, a ɗaure su cikin buhu in za a kai su, a riƙe takardar makaranta ko ta hakimi. Nauyi kuwa, ta gaske tana kai kilo 4 zuwa 4 da rabi, taka ba za ta wuce 2 ba. Maganin wannan horo ne. A koya wa yaran ɗaukarta da hannu biyu da saɓa ta a kafaɗa, kada su riƙa wulwula ta kamar karan dawa.

Tambaya: Mu matasa ne daga wani ƙauye kusa da Kafin Hausa. Za mu yi wasan yaƙin Haɗeja da Turawa bayan sallah, kuma muna so a ji ƙara a ga hayaƙi. Mafarautan garinmu sun yarda su ara mana adaka shida. Nawa ake zuba albarushi in ba za a sa harsashi ba?

Amsa: Samari, Allah ya yi muku albarka da kuka tuna da Sarki Muhammadu Mai Shahada da mutanen da suka faɗi tare da shi a Afrilun 1906. Amma ma'aunin albarushi ba za mu ba ku ba, kuma muna roƙonku ku mayar wa mafarauta bindigoginsu. Babu adaka biyu masu ƙarfin bututu ɗaya. Da yawa da bututun ruwa aka yi su, mai ɗinkin walda a tsaye, kuma tsatsa tana cin su ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Awon da wata ta ɗauka lafiya shi zai tsaga wata.

Ku cire tunanin cewa bindigar da ba harsashi ba ta da haɗari. Tsumman da aka danna a kan albarushi yana fita da ƙarfin da zai huda fata a kusa, wuta da burbushin da bai ƙone ba suna tafiya taku da yawa, ido kuma ba ya jure ko ƙwaya ɗaya. Ga hanyoyin da aka fi jin rauni. Mutum ya ja kunama cikin hayaniya, tasa ba ta tashi ba bai sani ba, ya sake ɗurawa a kan na farko. Bakin bindiga ya caki ƙasa ya toshe da laka. A bar sarari tsakanin albarushi da abin da aka danna. A manta da sandar ɗuri a ciki ta fita kamar mashi. A zuba albarushi kai tsaye daga ƙaho alhali da sauran garwashi a bututu, wutar ta biyo ta tashi ƙahon a hannu. Mafi muni, a farke harsashin zamani a juye garinsa a adaka. Wannan garin ƙarfinsa ya ninka na albarushin gargajiya nesa ba kusa ba, bututun adaka ba ya ɗaukarsa ko kaɗan.

Hanyar da za ku sami ƙararku ita ce ta fada. Ku je wurin dagaci ya kai ku ga hakimi, a nemi Sarkin Bindiga ya ba ku mutum biyu ko uku daga cikin masu harbi a hawan sallah, da bindigoginsu da suka saba da su. A sanar da ofishin 'yan sanda na yanki a rubuce, da rana da wuri. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin da ake ɗurawa ta baki a rukuninsu, kuma al'amarin izininsu yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ranar wasa a tsayar da masu harbin a gefe guda, bayan igiya, aƙalla mita 30 daga 'yan wasa da 'yan kallo, bakin bindiga sama kuma ba ta fuskar kowa ba. Mutum ɗaya ne zai ba su alama da tuta. Ku kuma a fili ku ɗaga na katako daidai lokacin. Mai kallo zai haɗa ƙarar da motsinku da kansa.

In bindiga ta ƙi tashi, mai ita ya ci gaba da riƙe ta sama har minti 2, domin wani lokaci wutar tana ci a hankali sannan ta tashi. Ba leƙa baki, ba hura shi. Ba taba sigari kusa da albarushi, ba a kuma ajiye shi a kwalba ko gwangwanin ƙarfe. Ku duba inda iska take kaɗawa, ku nisanci danni da jinka da tarin harawa, a ajiye bokitan ruwa huɗu da mota ko babur a shirye. In da dawakai a wasan, a gwada harbin da su tun kwana biyu kafin ranar, daga nesa ana matsowa. Abin fashewar nan na yara da ake kira nokawut kuma kada wanda ya jefa shi a bututun roba, tsattsagewa yake yi ya watsu a fuska.

Abin da zai burge masu kallo fiye da ƙarar ma shi ne ɗurin. A dasa gindin bindiga a ƙasa, a zuba daga ma'auni, a sa tsumma, a zaro sanda a danna, a mayar da ita, a ɗaga bindigar a zuba kaɗan a kasko, a ja hannun ƙanƙara baya. Mai ɗura daga ƙaho yana cin kusan minti guda kafin harbi na biyu, kuma harbin ba ya samun abin da aka nufa in ya wuce mita 70 ko 80. Shi ya sa ɗan bindiga yake harbi ya koma bayan 'yan baka. Da yawa ma ba sa kafa ta a kafaɗa, daga ƙugu suke harbawa ko su miƙa hannu su kawar da fuska, don tsoron fashewa. Ku nuna wannan a gaban bindigar Maxim mai aman ɗaruruwan harsasai a minti, kowa zai gane abin da mutanen Haɗeja suka tunkara da idonsu a buɗe.

Tambaya: Ni tela ce a Kura. Na ɗinka taguwoyin rini, amma da yaran suka gwada sai jikinsu da fararen wandunansu suka yi shuɗi. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, ke da kike garin ɗan Kura kin san baƙin da aka buga da shuni zuba yake yi, kuma a da wannan shuɗin a fata abin ado ne. Ga rawanin shugaba a bar shi haka, wanki yana kashe ƙyallinsa. Taguwoyin kuwa rinin baba zalla suke so, ba bugu. Ki ɗauraye su a ruwan sanyi, ana sauya ruwa har ya fito kusan fari, ki shanya a inuwa a juye. Abin da yake zuba shi ne rinin da ya zauna a bayan zare bai kama ba, gishiri ba ya hana shi. Wandunan a wanke su daban da sabulu tun shuɗin bai kwana ba, kuma kada a haɗa jiƙaƙƙun kaya masu gumi a buhu ɗaya bayan wasa.

Tambaya: Ɓangaren sojan Turawa fa? Wani ya ce zai samo mana kakin soja mai dabbare-dabbare a gwanjo. Daga shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo, Gumel.

Amsa: Kada ku karɓa, Malam. Doka ta hana farar hula sa kakin soja, kuma mai dabbare-dabbaren bai zo duniya ba a 1903. Sojan da suka ci Kano da Haɗeja na rundunar da Lugard ya kafa ne a ƙarshen ƙarni na 19, kuma baƙaƙen fata ne, Hausawa da Yarabawa da wasu ƙabilu. A tafiyar Kano sun haura 700, Turawan da suke tare da su ba su kai 40 ba. In kuna da soja 20, Bature ɗaya ya isa.

Ku ɗinka musu riga da wando na kaki marar zane, da ƙyallen da ake naɗewa daga idon sawu zuwa gwiwa, yadi 2 da rabi kowace ƙafa, faɗin inci 4. Ba takalmi, haka sojan ƙasa suke tafiya a lokacin. Jar dara da jar falmaran mai bakin rawaya da jar ɗamara, waɗanda aka san rundunar da su a hotuna, kayan fareti ne. In kuna so a bambance su daga nesa, dara kaɗai ta wadatar. Bindigoginsu na harsashi ne, samfurin Martini da Lee-Enfield, gajerar wajen inci 37, doguwar ba ta kai 50 ba. Kafinta kada ya sa musu ƙanƙara ko kasko, kuma a ba kowa ɗamarar fata mai aljihunan harsashi maimakon ƙaho.

Tambaya: Ranku ya daɗe. Mun sami tsohuwar bindiga a rufin soron kakanmu a wani ƙauye na ƙasar Takai. Ana cewa da ita aka yi basasa. Ta yi tsatsa. Muna so mu goge ta, maƙeri ya gyara, mu fita da ita a wasa.

Amsa: Alhaji, kafin komai ku ɗauka a ɗure take. Mutanen da a ɗure suke rataye bindiga, kuma albarushi in ya sami wuri busasshe yana shekara ɗari bai mutu ba. Ga yadda ake dubawa. A juya bakinta inda ba kowa, a zura siririyar sandar katako har ta tsaya, ba tare da an sa fuska ko tafin hannu a saitin baki ba, a yi wa sandar alama daidai baki. A zaro ta a kwantar a bayan bututu. In ƙarshenta ya kai daidai ƙaramar hudar da take gefen kasko, ba komai a ciki. In ya gaza da inci ɗaya ko fiye, akwai abu. To a tsiyaya ruwa ta baki ya jiƙa shi, a ajiye ta tsaye, a kira Sarkin Bindiga. Kada a kai ta maƙera a sa gindinta a wuta don a kwance shi, ta haka tsofaffin bindigogi suke tashi a hannun maƙera.

Gogewa da samfefa ko burushin ƙarfe kuma yana share shaidar da kuke nema. A share ƙura da busasshen tsumma, a shafa man keken ɗinki kaɗan a ƙarfen, a bar shi kwana biyu, a goge a hankali. Katakon a shafa masa kakin zuma, ba fenti ba, ba baƙin mai ba. Fata ko waya ko laya da aka ɗaura mata a bar su yadda suke, suna cikin tarihinta.

In tsatsar ta lafa, ku duba gindin bututu da farantin makunni. Haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai alamar gwajin Liège ce. In da kambi a saman da'irar, an yi ta daga 1893 zuwa sama, in babu, ta girmi haka. Basasar Kano ta fara a 1893, Yusufawa kuma a Takai suka yi sansani, don haka marar kambi ta fi dacewa da labarin gidanku. Sanduna biyu a gicciye da kambi alamar Birmingham ce. Kalmar TOWER da kambi tana nuna ƙirar sojan Ingila, sai dai maƙeran kasuwa sun yi ta kwaikwayonta, ita kaɗai ba hujja ba ce. Ƙanƙara ma ba ta nuna tsufa, domin yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani wannan yanki na Afirka ta bar masu ƙanƙara, aka ci gaba da ƙera su don kasuwarmu har cikin ƙarni na 20.

Fita da ita wasa kuwa, ba mu ba da shawara ba. Katakon da ya shekara sama da ɗari a rufin soro, ko gara ba ta ci shi ba ya bushe ya yi gautsi, faɗuwa ɗaya za ta raba wuyan ƙotar biyu. Ku ba kafinta ya auna ta a gabanku ya sassaƙa irinta. Ita kuma a sanar da hakimi da 'yan sanda cewa tana nan, a kwantar da ita a kan maratayi biyu nesa da bangon ƙasa da damshi. Ku ɗauki hoton alamomin ku kai gidan tarihi na Gidan Makama a Kano a gwada da waɗanda suke can. Ku kuma zauna da dattawan gidan ku naɗi muryarsu a waya: sunan mai ita, wanda ya bi a yaƙin, da inda ya samo ta.